Kaɗan Nawa Ne?

Kai Mamuda, rufe min baki! Don an ba ku akwatin wayoyi a makaranta, shi ne za ka tambaye ni ko na san tatsuniyar mutum-mutumi? Ni? Ku gyara zama. Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, Kaka, mu ji ta.

Wani gari ne, abincinsu albasa, suturarsu albasa. Sai aka sare tsamiyar aljanin fadama. Aljani ya ce, "Kwana bakwai ƙafar ɗan Adam ba ta taka lambu. Wanda ya taka, ya bushe." Irin albasa kuwa kwana uku ba ruwa, ya mutu.

Sai wani zalɓe ya sauka da akwati. Ciki tayoyi, wayoyi, batir, tulun roba, na'urar rubutu, da ɗan allo kamar ɓarin goro. Ya ce, "Wannan allon ne ƙwaƙwalwar mutum-mutumi. Ku haɗa da hannunku, ku rubuta masa umarni a na'ura. Ba ɗan Adam ba ne, zai shiga. Amma abin da aka ce masa, shi yake yi."

Rana ta farko Tanimu maƙeri ya haɗa. Ya rubuta, "Zuba ruwa!" Mutum-mutumi ya shiga. Ya zuba, ya zuba, ya zuba, duk a fangali ɗaya, har iri ya kwanta. Aljani ya yi dariya.

Rana ta biyu Ɗan'asabe maroƙi ya ce, "Malam Tanimu, ƙarfe ma yana son lallami." Ya rubuta, "Ɗan ƙarfe jikan ƙarfe, zuba kaɗan-kaɗan!" Mutum-mutumi ya ce, "Kaɗan nawa ne?" Ya tsaya ƙiƙam har rana ta faɗi. Aljani ya yi birgima.

Rana ta uku ganye ya lanƙwashe. Sai ga Tasalla, yarinya mai kitso. Tanimu ya ce, "Ke 'yar nan, wannan ba kan mata ba ne." Ta ce, "Baba, ai kan ma ba a ce masa kitsu, ya kitsu."

Ta warware shi kaf. Ta jera. Jan waya nan, baƙar waya nan. Ta rubuta yadda kakarta ta koya mata tsaga da kamun kitso: "Taku biyu. Taɓa ƙasa. In ta bushe, zuba ludayi uku. In da danshi, wuce. Maimaita. Ruwa ya ƙare, dawo bakin danga."

Ta sake shi. Ya yi baya, ya faɗa kwata! Gari ya ɗauki shewa. Ta yi kuka? Ina! Ta tsamo shi ta duba, ashe wayoyin taya ta juya. Layi ya karkace, sai a tsefe a sake. Ta sake.

Taku biyu, taɓa, zuba. Taku biyu, taɓa, wuce. Ya dawo, ta cika, ya koma. Kafin la'asar ganye ya miƙe. Aljani ya ce, "Wa ya koya wa yarinyar nan magana?" Ta ce, "Kakata." Ya shige rami, ko sallama.

Kun ji? Kakarta. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. In za ka ba da umarni, ka san nawa, ka san yaushe, ka san inda za a tsaya.

Ƙurunƙus, kan kusu na jefa bayan danga. Mamuda, tattare wayoyin nan kafin in taka. Kowa shimfiɗarsa. Yanzu!