Kwana Biyar Baba Yana Gyaɗa Kai

Akwai wani saurayi da ake kira Ba-Zama. Mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa sunan tun yana rarrafe, sunan kuma ya bi shi, don shekara bakwai ya yi yana aiki a jirgin ruwan dakon kaya bai leƙo gida ba. Ko rasuwarta a waya ya ji.

Da ya dawo hutun wata guda, sai ya tarar gida ya sauya masa. An sare bishiyar ƙofar gida an zuba siminti saboda motar yayansa. Ɗakinsa ya koma ɗakin jariri. Keken ɗinkin mahaifiyarsu yana sito an ɗora masa gwangwanayen fenti. An kafa ƙatuwar talabijin a falo. Babansu kuma, kafintan da ya gina gidan da guminsa, an mayar da shi ɗan ɗakin baya kusa da tankin ruwa.

Duk wannan ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne shirun tsohon.

A da, kafin ka shigo gidan za ka jiyo rikodar Baba tana tashi, shi kuma yana bin waƙar da muryarsa mai kama da jan zarto. Yanzu yana zaune a bakin gado, hannuwa a gwiwa, yana kallon bango.

"Yaya, ina rikodar Baba?" in ji Ba-Zama.

"Tana sito."

"Laifin me ta yi?"

"Kai baƙo ne, shi ya sa," in ji yayan. "Kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma likita ya ce yana bin sahu, wataƙila nan da shekara. Sai ya ƙure murya yake ji. Jariri ba ya barci, maƙwabta suna magana. Ya kake so in yi?"

Yana wannan bayani ne da ƙarfi, don talabijin ɗinsa tana ihun wasan ƙwallo har gilashin taga yana rawa.

Jama'a, ku duba min. Ihun ƙwallo ba ya tashin jariri, sai rikodar mai gida.

Kuma ba waƙa kawai aka raba tsohon da ita ba. A cikin kaset-kaset ɗinsa akwai guda ɗaya da ya naɗe a hankici. Wata rana, shekaru da yawa baya, matarsa tana ɗinki tana rera waƙa, sai ya danna maɓallin ɗauka ba ta sani ba. Muryarta da ta rage a duniya ke nan. Wata goma sha huɗu rabonsa da jin ta, kuma kunnen da ya rage masa ba jira yake ba.

Ba-Zama ya ciro rikodar daga sito, ya karkaɗe ƙura, ya yi alkawari a gaban kowa cewa zai sayo wa Baba hedifon, irin mai rufe kunnuwa, ya ji abinsa ba tare da ya damu yayan nan mai mota ba.

Sai dai akwai abin da bai faɗa ba. Bai dawo da kuɗin da mutane suke zato ba. Don haka mai araha yake nema, amma wanda idan yayansa ya gani zai ɗauka mai tsada ne.

A kasuwar kayan lantarki ya fara tsayawa wajen wani tsoho mai gyaran rediyo, wanda teburinsa yake ƙarƙashin matakalar bene. Tsohon ya sauya wa rikodar bel, ya goge mata kai da auduga, ta tashi garau. Ba-Zama ya hango hedifon guda huɗu rataye a ƙusa, ya ce a ba shi mai kyau a ciki.

"Kunnen wa?" in ji mai gyaran.

"Na babana."

"To kawo shi. Ka haɗo da abin da yake ji. Ni ba na sayarwa sai mai kunnen ya zauna a bencin nan ya saurara."

Ba-Zama ya yi dariya. "Takalmi ne da sai an gwada? Dattijo, ƙasa goma sha ɗaya na zaga. Na san sauti."

"Da naka kunnen ka zaga, ɗana, ba da na babanka ba. Yana sa tabarau? Duka kunnuwan suna ji?"

"Ka ga, in ba ka da kaya ka ce ba ka da kaya. Waɗannan tarkacen masu igiya ko kyauta aka ba ni ba na kai su gida."

Mai gyaran ya mayar da kai kan ƙarfen narka dalmarsa.

A saman benen akwai shago mai ƙofar gilashi da fitilu masu launi. Mai shagon ya dubi takalmin Ba-Zama sau ɗaya ya fara kiransa "Oga". Ya ɗora masa wani ƙaton hedifon baƙi mai zanen zinare, mara igiya, ya kunna masa kiɗan zamani. Kiɗan ya doki ƙirjinsa.

"Ka ji nauyin sauti? Wannan na manya ne, amma don kai zan yi sauƙi."

Ya haɗa masa da wata 'yar na'ura da za a soka a jikin rikodar ta riƙa aika sautin ta iska. Bai tambayi na wane ne ba. Ba-Zama ma bai faɗa ba.

A gida, a tsakiyar falo ya buɗe kwalin, a hankali, don yayansa ya more kallo. Sannan ya kai wa Baba, ya saka kaset ɗin hankicin nan, ya kafa masa abin a ka, ya nuna masa maɓallai biyar cikin minti ɗaya.

"Kana ji, Baba?"

Tsohon ya gyara tabarau, sannan ya gyaɗa kai. "Allah ya yi maka albarka."

Daga ranar, kullum da hantsi sai Baba ya saka kaset, ya ɗora hedifon, ya zauna yana gyaɗa kai. Ba-Zama ya ɗauke shi hoto ya tura wa abokan aikinsa. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ja shi ɗakin baya ya ga aikin ɗan da ya dawo.

A rana ta biyar ya kai wa Baba shayi, sai ya lura da wani jan tabo a bayan kunnensa, inda hedifon yake matse ƙafar tabarau. Ya ce bari ya sassauta masa. Ya cire, ya ɗora a nasa kan don ya gwada.

Tsit.

Kaset yana juyawa, amma ba ko ɗigon sauti. Ya duba 'yar fitilar jikin na'urar, a mace take. Cajin ya ƙare, kuma ba wanda ya gaya wa tsohon cewa abin yana cin caji.

"Baba, tun yaushe ya ɗauke?"

"Tun yammacin ranar farko."

"To me kake gyaɗa wa kai?"

Baba ya dubi hannuwansa. "Na ga ka yi murna ne. Shekara bakwai ban ga haƙoranka ba. Na ce in na yi magana za ka ji kunya a gaban yayanka."

"Ranar farkon fa? Ka ji muryar mahaifiyarmu?"

"Duf-duf nake ji, kamar ana buga ƙusa a ɗakin maƙwabta. Ita kuma tana can ƙasan rijiya. Na san tana nan, amma ban kama kalma ɗaya ba."

Ba-Zama ya ajiye hedifon. Ya zo gida yana cika yana batsewa a kan yayan da ya kulle muryar a sito. Ashe shi ma kulle ta ya yi, ya ƙara da zanen zinare. Kwana biyar cikin 'yan kwanakin da suka rage wa kunnen nan, an ƙone su don wani ya yi hoto.

Washegari ya riƙo hannun Baba, rikoda a hammata, suka nufi ƙarƙashin matakala.

"Dattijo, na dawo. Ka yi haƙuri da bakina."

"Ƙasa ta goma sha biyu ke nan," in ji mai gyaran. Ya share benci da tsumma. "Bismillah, Malam, zauna."

Bai yi gaggawa ba. Na farko ya ce a cire, ya yi nauyi, wuyan tsoho ba na ɗan dako ba ne. Na biyu ya danne tabarau. Na uku kiɗa ya fi murya. Na huɗu shi ne mafi muni a ido, ruwan toka, mai doguwar igiya, soso mai laushi, da wani ɗan abin murzawa a jikin igiyar na ƙara sauti. Ba caji, ba maɓalli. A soka kawai.

"Mai sauraron murya ba ya son mai dukan ƙirji," in ji shi yana gyara masa zama a ka. "Mai fito da magana ake nema masa. Kuma kar ka ƙure, Malam. Kunne ɗaya ya rage, lallaɓa shi za mu yi."

Ya danna rikoda, ya murza kaɗan, ya tsaya yana kallon fuskar tsohon.

Baba bai gyaɗa kai ba. Bakinsa ne ya fara motsi. Can sai muryar zarton nan ta fito, tana bin waƙa, tana kauce wa hanya kamar yadda ta saba, a tsakiyar kasuwa, masu wucewa suna waiwaye. Sai kuma ya fashe da dariya, hawaye suna bin gefen tabarau.

"Zo ka ji," ya ce wa ɗansa. "Na manta da wannan wurin."

Ba-Zama ya kara kunne. Ƙarar keken ɗinki, waƙa, sannan waƙar ta katse, muryar mahaifiyarsa ta ce, "Ba-Zama, sauko daga tagar nan kafin in taso."

Mai gyaran ya juya baya yana neman wani abu a aljihun tebur, ya daɗe bai same shi ba.

Abin da suka biya bai kai rabin na mai ƙofar gilashi ba.

Da hutun ya ƙare, Ba-Zama yana ɗaure jakarsa a falo, sai ga yayan ya shigo yana ɓata rai.

"Ka ji shi ko? Rikoda ta yi shiru, yanzu kuma shi ne yake waƙa da bakinsa. Har falo ake ji."

"Ina ji."

"To ka yi masa magana kafin ka tafi."

Ba-Zama ya ɗauko hedifon mai zanen zinare daga saman jaka ya miƙa masa. "Ga shi, Yaya. Yana toshe kunne sosai, na gwada. In waƙar mai gida ta dame ka a gidansa, ka saka."

Ya zuge jakar, ya duba tikitinsa. Sannan ya zauna a kan jakar, ya ce wa mai motar hayar da ke jiransa a waje ya ƙara masa minti goma, don a ɗakin baya waƙar ba ta kai ƙarshe ba.

Darasi: In za ka yi wa mutum alheri, auna shi da buƙatarsa, ba da idon masu kallo ba. Kuma iyayenmu suna iya gyaɗa kai a kan shiru don kar mu ji kunya, saboda haka kar "Allah ya yi maka albarka" ta ishe ka, ka zauna ka tambaya. Tura wa wanda yake da tsoho a ɗakin baya, tun kunnen yana ji.