Ranar da Ɗantani Ya Yaye Bargon Falalu

Akwai wani saurayi a Maradun mai suna Falalu, direban tifa ne a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Da safe yana Maradun, azahar ta same shi a Talata Mafara yana sauke tsakuwa, kuma duk inda ya tsaya sai an yi dariya har da riƙe ciki.

Wata rana gwiwarsa ta dama ta kumbura. Ya mai da abin wasa, yana cewa gwiwar ce ta fi shi cin tuwo. Da taka birki ya gagare shi, sai abokin aikinsa Ɗantani ya kai shi asibiti a Sakkwato.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ciwon daji ne a cikin ƙashi. Dole a yanke ƙafar kafin wata ɗaya, in ba haka ba ciwon zai haura ƙirji, daga nan kuwa sai dai addu'a.

Falalu ya ce, "Likita, a bar ni in je in yi bankwana da takalmina."

Ya yi dariya shi kaɗai.

Da ya dawo gida, mahaifiyarsa Gwaggo Saratu ta ce kada wanda ya ƙara ambaton sunan ciwon nan a gidanta. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta rufe ƙafar da bargo. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa a hannu.

Baba Hayatu, yayan mahaifinsa, ya taso tun daga Bakura da saiwa cikin tsumma. Maiwada wanzami ya zo ya kafa ƙaho. Wata tsohuwa daga Janbako ta kawo wani baƙin mai da warinsa ya kori kajin gidan.

To, kun dai san halinmu. Babba ya tako ya kawo maka magani, ya dawo ya tambaye ka jiki, da wane baki za ka ce bai yi ba? Kowa ya tambaya, Falalu sai ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Shi ke nan Baba Hayatu ya koma Bakura yana shelar saiwarsa ta ci ciwo, Maiwada kuma yana rantsuwa a kasuwa cewa ƙahonsa ne.

Falalu kuwa ba ya iya kwanciya, ba ya iya zama. Ya juya nan, ya juya can, yana jin kukan tifofi daga nesa, yana ƙirga kwanaki a zuci. Tsoron mutuwa yake ji, tsoron wuƙa yake ji, amma kunyar manya ta fi su duka ƙarfi.

Rana ta ashirin da uku, Ɗantani ya tsai da tifarsa a ƙofar gida. Ya tarar da zaure cike, Baba Hayatu yana cewa maganar Sakkwato ta wuce. Ya gaida kowa a tsaitsaye, ya durƙusa gaban abokinsa.

"Falalu, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake, wallahi."

Baba Hayatu ya ce, "Kai yaro, mi kac ce? A gabanmu?"

Ɗantani ya kama bargon ya yaye. Gwiwar ta yi kamar tulu, fatar tana sheƙi, sauran ƙafar ta tsotse.

"Baba, ku gahwarce ni, amma ku duba. Wanga shi na sauƙin? Kwana bakwai sunka rage. Kowa na yabon maganinai, shi ko yana mutuwa don kunyarku."

Gwaggo Saratu ta leƙo daga bayan asabari. Sama da kwana ashirin tana kai abinci, ba ta taɓa yarda ta ɗaga bargon ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Falalu, gaya min gaskiya."

Mai ba mutane dariya ya fashe da kuka. "Inna, ban iya barci. Ina son in rayu."

Ta juya ga Ɗantani. "Ɗauke shi. Yanzu."

A kujerar gaban tifa aka kwantar da shi, sai Sakkwato. Kwana biyu bayan haka aka yanke ƙafar, kuma Allah ya sa ciwon bai haura ba. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an ba Ɗantani abinci.

Tuƙi ya ƙare masa, sai ya koma sayar da tumatir na noman rani a Talata Mafara, da sandarsa da barkwancinsa. Baba Hayatu kuwa har ya koma ga Allah bai ƙara amsa gaisuwar Ɗantani ba, yana kiransa mara kunya.

Da aka haifa wa Falalu ɗan fari, ya sa masa suna Zubairu, sunan yanka na wannan mara kunyar.

Darasi: Girmama manya wajibi ne, amma kada kunya ta sa ka ɓoye ciwon da zai kashe ka. In ka je dubiya, ka ba mara lafiya damar faɗin gaskiya, kuma ka riƙe abokin da zai yarda a zage shi don ka rayu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai rufe nasa ciwon da bargo a yau.