Manomin da Ya Tafi Neman Aibin Iri

Aure alkawari ne na har mutuwa. Na mutumin da zan ba ku labarinsa ya kai wata bakwai, in an haɗa da makon biki.

Akwai wani manomi mai ƙwazo, ba ya fashin sujada. Hali ɗaya gare shi: duk shekarar da gonarsa ta ƙi, sai ya ce irin ne ba kyau. Ya auri wata mace mai suna Tabita daga ƙauyen da ke hayin rafi. Da damina ta kama, jinkar madafinta ta fara yoyo. Ta faɗa masa sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yana cewa to. Da ya samu ciyawa kuwa, ɗakin awaki ya baibaye. Ran nan ruwa ya kashe mata wuta tana cikin tuƙa tuwo, sai ta ɗaure kayanta ta yi yaji.

Tafiyarta ta dame shi, amma ba kamar sunan da zai biyo baya ba. Ba ya so a riƙa nuna shi a majami'a ana cewa ga wanda aure ya mutu a hannunsa. Sai ya je wurin wani dattijon ikkilisiya, tsohon akawun kotu.

"Baba, ba yadda za a yi a ce ba a ma yi auren ba?"

Dattijo ya ce, "Akwai, ɗana. Raba aure daban, soke aure daban. Wanda aka raba, ya rayu ne ya mutu. Wanda aka soke, tun ranar ɗaurawa ba aure ba ne. Tana da wani miji ka ɗauko ta?"

"A'a."

"An tilasta wa ɗayanku?"

"Ni na yi ta zarya shekara biyu."

"Na tuna, ai kekena ka yi ta ara har ka gama da shi. Kun yi zaman miji da mata?"

Manomi ya sunkuyar da kai.

"To, saura in ku 'yan'uwa ne na kusa da aure bai halatta tsakaninku ba. Amma da ni ne kai, biko zan tafi."

Manomi ya ɗauki rabin farko na maganar, ya bar wa dattijo sauran. Sau biyar yana ƙetare rafi a daminar nan. Kowane zuwa sai ya wuce ƙofar gidan surukansa, ya zarce wurin kakar Tabita a ƙarshen gari, yana tambayar wa ya haifi wa.

A zuwa na biyar tsohuwa ta ce, "Ango, ka ishe ni da matattu. Na jero maka su har kakanni bakwai, ba inda jininku ya haɗu. Ko akuyarku ba ta taɓa shiga gonarmu ba. Zuwanka na fari yarinyar nan ta hango ka, ta share tsakar gida, ta dama fura, ta ce biko ka zo. Na biyu ma ta dama. Na uku uwarta ta hana a ɓata nono."

"Yanzu tana ina, Kaka?"

"Jiya kawunta ya raka ta birni. Ta je neman a raba."

Ya daɗe a bakin rafi kafin ya ƙetare, ko da yake ruwan iya gwiwa ne. Bayan an sha shari'a takarda ta zo. Raba aka rubuta, ba soke ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Akwai irin da ya mutu tun yana cikin rumbu, wanda ko an shuka ba zai tsiro ba. Wannan shi ne auren da ake sokewa, wanda ya faɗa cikinsa kuma ba abin zargi ba ne, abin taimako ne. Amma yawancin gonakin da ke ƙi, irinsu lafiya lau. Sun tsiro, noma ne ba a yi ba. Muna son laifin ya zama na iri, domin iri ba ya bukatar a ba shi haƙuri. Wanda gidansa ke tangaɗi a cikinku, kafin ya tafi tonon asali, ya tsaya a ƙofar da ake jiransa ya yi sallama, tun ana dama masa fura.

Manomin yana nan. Duk ƙasar ba wanda ya kai shi sanin kakannin Tabita, na uwa da na uba. Madafin kuwa har yau yana yoyo.