Ramukan Kurege Uku da Ɗuwawun Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha dariya!

Matar Kurege ce da tsohon ciki, sai ya haƙa hanya uku a ƙarƙashin ƙasa zuwa gidan ungozoma Bushiya. Ya dinga cika wa maƙwabciyarsa Gafiya baki: "In ɗaya ta rufta, ga biyu!"

Gafiya ta ce, "Maƙwabci, a ina suke haɗuwa?"

"Duk a gindin tsamiya mana!"

Ranar naƙuda, Giwa ta zo sosa baya, ta zauna daɓas a gindin tsamiya, ƙasa ta lotsa. Kurege ya faɗa hanyar farko da gudu, sai karo da ɗuwawu. Ya koma ta biyu, ɗuwawun nan dai! A ta uku ya fashe da kuka: "Baba Giwa, wai ɗuwawunki nawa ne?"

Gafiya har da faɗuwa don dariya. Ta ja shi ta nata ramin, wanda ya zaga ta bayan rafi, ko inuwar tsamiya bai taɓa ba. Suka ɗauko Bushiya a guje, aka haifi 'yan huɗu lafiya. Kurege ya yi ta rawa da ƙulu a goshi.

Ƙurunƙus kan ɓera, ta ƙare!