Khaula da Marmashin Burodi

Khaula budurwa ce mai ƙwazo a unguwar Ƙofar Marke, sai dai gaggawa ta yi mata yawa. Ba ta iya jiran ruwa ya tafasa ba tare da ta buɗe tukunya ba.

Yayarta Na'ima tana dafa abincin biki a unguwar Arkilla. Abin da ya fito da sunanta shi ne gasasshen kifi da take barbaɗa wa soyayyen marmashin burodi da tafarnuwa. In aka tauna sai a ji ƙarmas-ƙarmas, ƙamshi kuwa har zaure.

Wata rana Hajiya Kausar, wadda ta daɗe tana ba Na'ima aiki, ta shirya walimar saukar karatun 'yarta. Ana gobe walima zazzaɓi ya kayar da Na'ima. Ta kira ƙanwarta daga kwance.

"Kifin an gyara, burodin ma ya bushe na dake shi," in ji ta. "Saura suya. Wuta kaɗan za ki sa, ki riƙa motsawa. Tafarnuwa sai daga baya, ba ta son wuta. In kin sauke ki baza a faranti shi sha iska."

"Haba Yaya, wanga ɗan aiki? Ki kwanta abinki."

Washegari Khaula ta ɗora kasko, ta zuba mai. Da ta ga marmashin ya ƙi yin ja da wuri, sai ta ƙara wuta, ta juye tafarnuwar gaba ɗaya. Nan da nan tafarnuwar ta yi duhu. Ta ji ɗan ƙauri, amma ta ce yaji zai rufe shi. Ba ta ɗanɗana ba. Ta kwashe marmashin da zafinsa ta zuba a roba, ta rufe ruf, ta hau Keke mai ƙafa uku.

A gidan walima da ta buɗe robar, tururi ya jiƙa marmashin ya dunƙule. Haka ta daddanna shi a kan kifin aka fitar.

Baƙi sun ci shinkafa, sun ture kifin gefe. Wata dattijuwa ta tauna, ta juya kai ta tofar a hankici. Faranti suka riƙa dawowa madafa da kifinsu. Hajiya Kausar ta gutsura, ɗaci ya kama mata harshe.

"Mi kinka sa ciki, 'yar nan?" ta tambaya a hankali.

Khaula ta sunkuyar da kai.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Amma da auren ɗanta ya zo, wata mai girkin ta nema. Matan da suka halarci walimar ma suka daina kiran Na'ima, don a wurinsu girkinta ne ya lalace.

Khaula ta je ta durƙusa tana kuka. "Yaya, bari in tafi in gaya musu ni ce."

"Ni na aike ki," in ji Na'ima. "Kuma harshe ba shi jin bayani, abin da ya ɗanɗana shi yake riƙewa. Tashi ki kunna wuta, ki soya wani ina kallo."

Darasin wannan labari shi ne gaggawa ba ta rage aiki, ɓata shi take yi. Wanda aka ba amanar aiki ya tuna ba sunansa kaɗai ke hannunsa ba. Ɗan jiran da ya raina kan iya rushe abin da wani ya yi shekaru yana ginawa.