Jika A Ɗakin Gwajin Iska

Akwai wani ɗan tseren keke mai suna Jika, mutumin Yola mazaunin Kano. Dogo ne siriri, amma idan ya taka feda a titin Zariya da sanyin safiya, masu babur ma sai sun ƙara wuta kafin su cim masa. Allah ya ba shi ƙafa.

Yana kuma da wani hali da shi yake ɗauka ado ne. Tun da ya yi wayo ba wanda ya taɓa jin ya ce wani abu na yi masa ciwo. Haka aka raini maza a gidansu. Ko ƙusa ka taka, ka zare ta ka ci gaba da tafiya, in an tambaye ka ka ce ba komai.

A shekarar da aka yi gasar Olamfik a Beijing, wani kamfanin ƙera kekuna da ke bayan garin Guangzhou na ƙasar Sin ya so shiga kasuwar Afirka ta Yamma. Suka ce suna neman ɗan Afirka guda da zai shiga ƙungiyarsu ta tsere, ya hau kekensu, a yi talla da shi. Kawun Jika, Alhaji Shitu, wanda ya daɗe yana saro tufafi a kasuwar Baima ta Guangzhou yana turawa Kantin Kwari, shi ya tsinci labarin ya kai sunan ɗan ƙanwarsa.

Bayan tankaɗe da rairaya, mutum biyu suka rage: Jika, da wani gajeren mutumin Maraɗi mai yawan surutu da ake kira Illa. Gurbin kuwa ɗaya ne. Jika ya doshi talatin, ya san irin wannan ƙofa ba za ta sake buɗe masa ba. Idan ya rasa, rumfarsa ta faci a Kano tana nan tana jiransa.

Kamfanin ya ce da tseren lokaci za a raba gardama. Ga wanda bai sani ba, a irin wannan tsere ba a taruwa a tashi tare. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin mutane, kowa da agogonsa, kuma an hana ka laɓewa a bayan wani. Don haka babban abokin gabarka iska ce. Duk yadda ka buɗe mata ƙirji, haka za ta riƙe ka.

Saboda haka da suka isa Guangzhou, kafin ranar tsere, aka kai su ɗakin gwajin iska na wata jami'a. Dogon ɗaki ne kamar kwalbati, da ƙatuwar fanka a ƙarshensa. Ana ɗaure keken a kan sikeli, mutum ya hau yana taka feda, a sakar masa iska, kwamfuta ta nuna yawan ƙarfin da iskar ke tura shi da shi. Idan lambar ta yi ƙasa, zaman ya yi kyau ke nan.

Mai kula da gwajin wani ne Injiniya Fang, mutum mara yawan magana. Tunda ba ya jin Hausa, su kuma Sinancinsu bai wuce na ciniki ba, sai aka ɗauko tafinta: Zulaiha, 'yar Katsina da ke karatun injiniya a yankin Tianhe na birnin.

Zulaiha ta yi musu bayani. A ƙarƙashin inda ake ɗora gwiwar hannu a ƙahon keken akwai zobban ƙarfe a jere. Za a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, mutum yana ƙara duƙawa. Duk lokacin da aka cire, injiniya zai tambaya ko za ka iya zama haka har ƙarshen tsere.

"Ya ce ku gaya masa gaskiya," in ji ta. "A nan ɗan lokaci kaɗan za ku yi. A titi kuwa kusan awa guda ce."

Illa ya fara hawa. Aka cire zobe na farko, ya ce lafiya lau. Aka cire na biyu, ya yamutsa fuska ya ce da dama-dama. Ana cire na uku ya ɗaga hannu a kashe fankar.

"Malama, hwaɗa mishi wuyana na ciwo, bayana na ciwo, har numfashina ba ya kai ƙasa. Wallahi in na tahi haka, a rabin hanya za ku ɗauko ni."

Zulaiha ta fassara. Injiniya ya gyaɗa kai, aka mayar da zoben. Aka ɗan matse masa gwiwoyin hannu, aka sauya masa hular kwano, aka tsaya a nan.

Jika na gefe yana dariya ƙasa-ƙasa. Da Illa ya sauko sai ya ce masa, "Haba namiji! A gaban mace kake lissafa ciwo kamar mai ganin likita?"

Illa ya ce, "To ai ciwon ne ya zo a gaban mace." Ya ɗauki gorar ruwansa ya zauna abinsa.

Sai Jika ya hau. Aka cire na farko, aka cire na biyu, aka cire na uku. Duk tambayar da Zulaiha ta yi masa, amsar ɗaya ce: "Ba komai." Lambar sai sauka take yi. Mataimakan injiniyan suka taru a gaban kwamfuta suna magana da sauri-sauri.

Aka sako siririn farin hayaƙi a cikin iskar. Hayaƙin ya bi ta kan hular Jika mai doguwar wutsiya, ya kwanta a gadon bayansa, ya wuce sumul ba tare da ya watse ba. Abin gwanin kyau, wannan kam ba wanda zai musa.

Amma Zulaiha ba kwamfuta take kallo ba. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi tana rawa, ta ga yadda yake ɗago ido da ƙyar kafin ya hango gabansa. Da aka kashe fankar ta matso kusa, ta sassauta murya.

"Yaya Jika, don Allah in da ciwo ka faɗa. Ba wanda zai ji sai ni da shi."

Nan ne matsalar take. Duk kalmar da zai gaya wa injiniyan sai ta bi ta bakin Zulaiha. Jika kuwa gara wuyan ya tsinke da ya buɗe baki ya ce wa 'yar budurwa, sa'ar ƙanwarsa, ya gaza.

"Malama, na ce miki ba komai."

Ta juya ta gaya wa injiniyan amsarsa, ta ƙara da cewa ita dai a ganinta yana jin jiki. Injiniya ya tsura masa ido, ya sake tambaya. Jika ya gane ta yi ƙari. Ya haɗe rai.

"Fassara aka ɗauko ki ki yi, ko duba marasa lafiya? Ki ce masa ya cire na ƙarshen."

Maganar ta ƙona mata rai, amma ta fassara yadda ya faɗa. Aka cire zobe na ƙarshe, ƙahon ya kwanta a kan ƙarfen keken. Injiniya ya ce bai taɓa samun lamba mai kyan wannan ba a kan mutum mai tsawon Jika.

Da yamma a wani gidan abinci na unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwarmu ke haɗuwa bayan sun gama da masu jigilar kaya, Alhaji Shitu ya sa aka kawo gasasshen rago. Ya ba kowa labari, har da abin da bai gani ba. "Su kansu Sinawan sun ce iska ba ta ganin yaron nan!" Jika yana zaune yana murmushi, yana ɗaga kofin shayi a hankali don kada kafaɗarsa ta motsa.

Aka ba su 'yan makonni su saba da sabon zaman. Illa kullum yana kan keke yana mita, yana kuma ƙara nisa. Jika kan duƙa yadda aka gwada shi idan motar kamfani na biye da shi. Da zarar ta wuce sai ya miƙe ya huta.

Wata rana bayan la'asar Alhaji Shitu ya lura da shi a sahu. Da aka zo sallama, maimakon ya juya kai, sai ya juya da duk jikinsa, dama da hagu, kamar wanda aka ɗaura wa katako a wuya.

"Kai, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Kawu. Kwanciya ce na yi ba daidai ba."

Ana gobe tsere, Injiniya Fang ya zo da zobban a hannunsa ya tambaya ko akwai mai son a gyara masa wani abu. Illa ya sa aka ɗan matso masa da sirdi. Da aka zo kan Jika, bai ma bari Zulaiha ta buɗe baki ba. Da kansa ya amsa da kalmar da kowane ɗan kasuwa ya sani a garin, wadda masu shago ke faɗa idan babu kaya.

"Meyo, lawban. Meyo." Wato babu, maigida, babu.

Injiniya ya zuba zobban a aljihu.

Ranar tsere aka rufe wani dogon titi a bakin kogi, a je a juyo. Garin ya ɗau zafi mai danƙo tun da hantsi. Jika aka fara saki, bayan ɗan lokaci aka saki Illa.

A tafiya, Jika ya nuna wa kowa abin da Allah ya ba shi. Yana kwance a kan keken kamar an shafe shi, ƙafafunsa na juyawa. Da ya kai wurin juyawa, masu agogo suka kalli juna. Ya ba Illa rata mai yawa, har Alhaji Shitu ya fara karɓar barka.

A dawowa ne wuyan ya ce bai san zancen ba. Da farko zafi ne, irin wanda ya saba haɗiyewa. Daga nan kan ya fara yi masa nauyi. Ya ce wa wuyan ya ɗago, wuyan ya ƙi. Kansa ya faɗi ƙasa, wutsiyar hular ta miƙe sama tana tare iska, shi kuma ba abin da yake gani sai tayar gaba da farin layin titi.

Ya ci gaba a haka, yana tuƙi a makance. Sai da kafaɗarsa ta gogi shingen gefen titi, keken ya yi tangal-tangal, sannan tsoro ya kama shi. Ya saki tsakiyar ƙahon, ya kama gefe, ya miƙe zaune kamar mai zuwa cefane.

Iskar da ya yi ta gudu ta same shi a ƙirji gaba ɗaya. Ga ƙarfi a ƙafa, amma yanzu rabinsa iska yake ciyarwa. Ya gwada komawa ya duƙa, hannayensa suka yi sanyi, yatsun ba sa jin komai. Ya sake miƙewa.

Ana saura kaɗan a kai ƙarshe ya ji ƙarar taya a bayansa. Illa ne, a zaman nan nasa da aka yi wa dariya, bai sauya ba tun da aka sake shi. Ya buɗe can gefe kamar yadda doka ta ce, ya wuce. Ko waiwaye bai yi ba, domin waiwaye ma ɓata lokaci ne.

A irin wannan tsere, idan wanda aka saki bayanka ya kamo ka, ba sai an duba agogo ba.

Mutum biyu suka sauko da Jika daga kan keken. Sai da Alhaji Shitu ya tallafe masa haɓa kafin ya iya shan ruwa. Can gefe Illa na rungume da bakaniken kamfani yana zuba Faransanci da Hausa a haɗe.

Da numfashinsa ya dawo, Jika ya nemi a kira masa Zulaiha. Bai iya kallonta ba, wannan karon kuma ba don girman kai ba.

"Malama, ki ce masa tun zobe na biyu nake jin ciwo. Ki roƙe shi ya mayar da su, a sake gwada ni ko sau ɗaya ne."

Zulaiha ta ji tausayinsa har idonta ya kawo ruwa. Ta fassara, ta ƙara da nata roƙon. Injiniya Fang ya saurara har ta gama, sannan ya yi magana a hankali. Ta daɗe kafin ta juyo.

"Ya ce da ka faɗa a ranar, da ya tsaya a na biyu, kuma da ƙafar da kake da ita, ba mai kamo ka yau. Ya ce na'urarsa iska kawai take aunawa. Abin da ke cikin jikinka ba shi da sikelinsa sai bakinka." Sannan ta ƙarasa. "Ya ce masu kamfanin sun riga sun yanke magana."

 Daga inda Jika yake zaune, kansa a sunkuye, ƙasan keken kawai yake iya gani. Ya ga ƙafafun bakanike sun zo sun tsaya, ya ji ƙarar sifana. Ana sauke sirdin ne daidai tsawon Illa, domin daga ranar keken ya zama na ko-ta-kwana ga sabon ɗan ƙungiya.

Darasi: Juriya abin yabo ce, amma ɓoye ciwo ga wanda ya tambaye ka don ya gyara maka ba juriya ba ce, girman kai ne. Likita, malami, maigida ko iyali, ba wanda zai iya sauƙaƙa maka nauyin da ka rantse ba ka ɗauke da shi. Ka faɗi iyakarka tun ana tambayarka, kada ka bari sai hanya ta faɗa a madadinka. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da kullum amsarsa "ba komai" ce, wataƙila yau ya buɗe baki.