Kyallu Bahaguwa da Igiyar Maharbi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Wata birinya ce a daji, sunanta Kyallu, bahaguwa ce ta gidi. Ran nan suka shiga gonar gyaɗa ita da kawunta Jatau da ƙanenta Barau, sai tarkon wani maharbi ya rufta da su. Gobe kasuwa, can zai sayar da su ga masu wasa da biri.

Maharbin nan fa ya san birai. Ya san kowane biri da hannun da yake aiki da shi, ɗayan ɗan rakiya ne kawai. Sai ya jefa wa Jatau gyaɗa. Jatau ya cafe da dama, caraf! Sai ya ɗaure daman a jikin turke. Ya jefa wa Barau, shi ma caraf da dama, aka ɗaure.

Kyallu tana kallo, ta gane. Sai ta zauna a kan hannunta na hagu, ta danne shi da gindi. Aka jefo gyaɗa. Hagun nan har zillo yake yi, amma ta miƙa dama, da ƙyar ta tare. Kai, yarinyar nan ta burge ni!

Maharbi ya ɗaure daman, ya ce, "Ke ma kin shiga hannu." Ya tafi rafi shan ruwa.

Jatau ya ja ƙulli da hagu, ya ƙi. Barau ya ja, ƙullin ya ƙara ɗaurewa, sai ya fashe da kuka. Kyallu kuwa ta sa hagu, kafin ka ce me ta kwance kanta, ta kwance Barau.

Saura Jatau, wanda a da ko tsamiya ta miƙa masa da hagu sai ya make mata hannu. Ga takun maharbi ana ji.

Ta ce, "Kawu, da hagu fa zan taɓa ka. Ka yarda?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, kwance ni ko da wutsiya ce!"

Ta kwance shi, suka haye bishiyar kuka. Maharbi ya iso, ya tarar da igiya uku a ƙasa.

To yara, kada ku raina hannun da Allah ya ba wani. Jatau dai yana can kan reshe, ya riƙe hagun Kyallu da hannu biyu, yana ta sa mata albarka.

Kurunkus, nan ta tsaya.